Muna so mu taka daga Jos zuwa Pankshin a ƙafa, ta ina za mu fara?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Kubwa, shekaruna 36. Kusan kowace Asabar nakan fita da abokai mu hau duwatsun da ke kewaye da gari, awa 2 ko 3 mu dawo. Yanzu ni da abokaina biyu mun ƙudurta yin doguwar tafiya a hutun Disamba: mu tashi daga Jos a ƙafa, mu bi ta tsaunuka da ƙauyuka har Pankshin cikin kwana 4. Mun duba taswira a waya mun ga abin zai yiwu. Me ya kamata mu saya, kuma yaya za mu shirya jikinmu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Idan na fahimce ka, ku uku ne, kun saba da hawan dutse na safiya ɗaya, kuna so ku tsallaka zuwa tafiyar kwanaki a ƙasar da ba ku taɓa takawa ba, kuma tambayarka ta tsaya a kan kaya da jiki. Zan amsa duka biyun. Amma akwai na uku da ba ka tambaya ba, wanda a wurina ya fi su nauyi, wato mutanen da za ku ratsa ta gonakinsu da ƙofar gidajensu. A Jos aka haife ni, kuma na fi shekara 20 ina fita da ɗalibai da baƙi cikin duwatsun nan. Tafiyoyin da na ga sun lalace saboda takalmi ko gajiya ba su kai yawan waɗanda suka lalace saboda ba a nemi izini ba, ko ba a san wurin wa za a sauka da dare ba.

Ƙasar da za ku taka

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, Abuja kuwa yawancin unguwanninta ba su kai mita 500 ba. Iska tana ƙara sanyi da kamar digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa mai zuwa daga Akwanga yake fara laluben rigar sanyi tun daga Hawan Kibo. Ƙololuwar tsaunukan Shere, gabas da gari, ita ce mafi tsayi a yankin, mita 1,829. Wannan bai kai inda ciwon tsauni yake kama mutum ba, don shi sai an doshi mita 2,500 yake farawa, kuma ko Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Abin da za ku ji shi ne ɗan ƙarin haki a kwana ɗaya ko biyun farko, da bushewar maƙogwaro, da rana mai ƙona fata alhali jiki yana jin sanyi.

Kada ku ɗauka tsauni ne guda a miƙe daga Jos har Pankshin. Fili ne mai faɗi, mai ciyawa, bishiyoyi jefi-jefi, duwatsu sun tsaya a cikinsa gungu-gungu. Wasu manya ne kamar an ɗora wani kan wani da hannu, irin na Riyom da kowa yake ɗauka a hoto. Wasu kuma, wajen Panyam da Kerang a ƙasar Mangu, tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tun tuni, shi ya sa ƙasar wurin take da ƙarfin noma, har akwai tafkin Pidong a cikin bakin ɗayansu kusa da Ampang. Sai an kusanci Pankshin hawa da gangara suke yawaita sosai.

Tsakanin Bukuru da Barikin Ladi kuwa ƙasar kuza ce. Turawa sun fara haƙa a farkon shekarun 1900, suka bar tarin ƙasa da kududdufai birjik. Ruwan kududdufan nan a kwance yake, shuɗi ko kore, mai jan hankalin wanda ya gaji, amma bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ba a kuma ganin ƙasansu. Yara da manyan da suka iya iyo sun sha halaka a ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ramukan loto ne, waɗanda masu haƙar hannu suke tonawa, baki ƙarami, zurfi mai yawa, in an gama da su a bar su a buɗe ciyawa ta rufe. Taswirar waya ba ta nuna ko ɗaya. Za ta nuna muku fili fetal ku ce ga yanke, ɗan wurin kuwa ya san abin da ya sa turbar ta yi kwana ta kewaye.

Lissafin kwana 4

Daga Jos zuwa Pankshin ta kan kwalta, ta Bukuru da Heipang da Barikin Ladi da Mangu da Panyam, kimanin kilomita 120 ne. Turbar ƙafa ba ta cika rage wannan ba, don abin da ta yanke a nan takan mayar da shi wajen kewaye rafi da gona. Kwana 4 ke nan kilomita 30 kullum. Akwai wani tsohon lissafi da wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake aiki: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin na mutum mai ƙarfi ne wanda ba ya tsayawa. Ni da baƙi masu jaka a baya, kilomita 4 a awa shi ne iyakar abin da nake sa rai a fili, a cikin duwatsu kuma 2 zuwa 3. To kilomita 30 ya zama awa 8 na taku zalla. A ƙara salla, da cin abinci, da gaisuwa a kowane ƙauye, da ɓatan hanya ko sau ɗaya, an kai awa 11. A Disamba rana tana fitowa wajen 6:30 ta faɗi jim kaɗan bayan 6:00. Ba ku da rarar ko awa guda, alhali shiga ƙauyen da ba a san ku ba bayan magariba shi ne abu na farko da nake hanawa.

Rana ta farko za ku iya. Ta biyu ma za ku iya da ƙyar. Ta uku ce take kayar da mutane, lokacin da tsamin jikin jiya da na shekaranjiya suka haɗu, ƙafa ta yi bororo, barci bai isa ba. Fataken zamanin da, masu zuwa Gwanja (a ƙasar Gana ta yau) sayen goro, tafiyar watanni suke yi, kuma madugu da zango yake lissafi: ina ruwa, ina kasuwa, wane sarki za a gaisar, ina za a kwana, sa'annan a tashi da asuba a sauke kaya kafin rana ta yi tsanani. Haka nake so ku yi naku lissafin. Kilomita 15 zuwa 18 a rana ya ishi sabon shiga, kuma a fara sanin inda za a kwana kafin a ƙirga nisan yinin.

Jiki, ƙafa da jaka

Hawan Asabar ya ba ku numfashi, amma bai koya wa jikinku ya tashi washegari ya sake ba. Kuna buƙatar mako 8 aƙalla. Ku fara da tafiyar awa 1 sau 3 a mako, da jaka mai kilo 4 ko 5 a baya. Gorunan ruwa sun isa su zama nauyin. Kowane mako a ƙara kaɗan, ko a nisa ko a nauyi, kada a haɗa biyun a mako guda. Daga mako na 5 ku riƙa haɗa Asabar da Lahadi, awa 4 zuwa 5 kowace rana, da takalmin da jakar da za ku zo da su. Wanda ya tashi ranar Litinin ya tafi ofis ba ya ɗingishi, ya shirya. Matakalar bene ma wurin horo ce, musamman saukowa, domin gangara ta fi hawa cin gwiwa da gaban cinya. Duk wanda yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko ya taɓa jin ciwon ƙirji yana cikin aikin ƙarfi, ya ga likitansa kafin ya fara. Ni ba likita ba ne, iyakar abin da zan iya cewa ƙurar hunturu a nan ba ta raga wa mai asma.

Kada ku sayi takalmi ana saura mako guda. Na taɓa fita da wani bawan Allah da ya zo da takalmi mai tsada da aka aiko masa daga waje, ranar ya fara sa shi. Kafin azahar dugadugansa biyu sun saluɓe, muka nemo masa ɗan acaɓa daga ƙauye na gaba, abokansa kuma suka fasa sauran tafiyar saboda shi. Kambas mai kaurin ƙasa, mai zanen da ke kama dutse, wanda ƙafarka ta saba da shi wata 2, ya fi wannan amfani, kuma na gwanjo ma ya wadatar. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin yatsa guda a gaba don kada farce ya riƙa dukan baki a gangara. Bororo kuwa zafi da damshi da goga ne suke kawo shi, safar auduga kuma tana riƙe gumi. A nemi mai kauri ta ulu, ƙafa 3, a sauya da rana in an tsaya salla, a rataya jiƙaƙƙiyar a bayan jaka ta bushe. Bayan alwala a tsane ƙafa sosai har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa. Da zarar ka ji wani wuri yana zafi-zafi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka ce sai an kai inuwa. Da dare a shafa man kaɗe, don hunturun Jos yana tsaga dunduniya.

Nauyin jaka kada ya wuce kashi 1 cikin 5 na nauyin mai ita. Mai kilo 70 ya tsaya ƙasa da 14, ni ma na fi son 10. A samu mai ɗamarar ƙugu don nauyin ya sauka a ƙugu ya bar kafaɗa. A Disamba da Janairu daren ƙauyukan tudu yakan sauka zuwa digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska, saboda haka suwaita mai kauri da hular sanyi da bargo marar nauyi wajibi ne. Sai malafa ko hula mai baki, da tocila, da fawa-bank, da ashana, da bandeji, da sanda. Makiyayi ya san abin da ya sa ba ya rabuwa da tasa: tana rage wa gwiwa nauyi a gangara, tana gwada zurfin rafi, tana bugun ciyawa kafin ƙafa ta shiga, tana tsare kare a bakin ƙauye. Tanti ban cika ba da shawararsa ba, dalilin yana tafe.

Ruwa da guzuri

Kowane mutum ya lissafa lita 3 zuwa 4 a yini. Sanyi yana ruɗin mutane, ba sa jin ƙishi sai kai ya fara sarawa. Idan fitsari ya yi duhu, ruwan jiki ya riga ya yi ƙasa. Ku cika gora a duk rijiyar burtsatsen da kuka samu ko da ba ta ƙare ba. Ruwan rafi a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafasa, ko a ɗiga masa maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard a jira rabin awa. Ruwan da yake kwance kada a yi wanka a ciki, saboda tsargiya. Wanda zawo ya kama, ko ya yi gumi har jiri, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1.

Guzurin kakanninmu har yau bai da na biyu: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, kilishi, dakuwa, ganyen shayi. Na kwana 2 ya isa, sauran a saya a hanya, dankalin Turawa, gwaten acca, masa, duk abin da aka samu. Sayen abinci a ƙauye wata gaisuwa ce, yana sa a san fuskarku. Yawancin ƙauyukan da za ku ratsa na Kiristoci ne, sun kuma san abin da Musulmi ba ya ci. Ku faɗa wa mai masauki tun da wuri cikin ladabi, ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Batun ƙasaru kuwa, a mazhabar Malikiyya nisan mil 48 ne, kamar kilomita 80. Ku kai wa malaminku tsarin tafiyar ya faɗa muku hukuncin kowace rana.

Hunturu, wuta da maciji

Ta fuskar yanayi kun zaɓi lokaci mai kyau, ko da yake na fi son Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke amma duwatsu ba su gama bushewa ba. Damina a nan daga Afrilu ce zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, da tsawa a kan falalen dutse, da ƙanƙara, da rafukan da suke cika cikin mintuna ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba. Daga tudun nan kogin Kaduna da na Gongola suke tasowa, kuma mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba. A Disamba ba ku da wannan matsala, taku biyu ce. Hazo yana ɓoye dutsen da kuke saitin hanya da shi. Sai wutar daji, wadda mafarauta da masu share fili suke cinnawa. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka kada a taɓa gudu sama tana biye. A ratse gefe, a nemi inda ya riga ya ƙone, ko falalen dutse, ko gonar da aka girbe.

Maciji yana raguwa a kan tudu lokacin sanyi, amma akwai kasa da kumurci a cikin duwatsu, kada a cusa hannu a kogon da ido bai gani ba. Kububuwa ta fi yawa a gangare, wajen Langtang da Shendam da Wase, shi ya sa asibitin Zamko ya yi suna wajen maganin sarar maciji. Can ƙasan ban taka shi da yawa ba, in tafiya ta kai ku can wata rana ku nemi mutanen wurin. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, baƙin dutse kuma ba ya cire dafi. A kwantar da mutum, a cire zobe da agogo da takalmi, a ɗaura wa gaɓar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a kan babur ko mota. Sa'annan shingen kyarana da za ku gani kewaye da gidaje da gonaki, kada ku karya shi don wucewa. Farin ruwansa yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

Kowace turba ta wani ce

A nan nake so ka tsaya da kyau, Malam. Babu dajin da ba na kowa ba tsakanin Jos da Pankshin. Shere da kewayenta ƙasar Afizere ce, waɗanda muke kira Jarawa. Daga Bukuru zuwa Barikin Ladi da Riyom ƙasar Berom ce, Mangu ta Mwaghavul, Pankshin ta Ngas, ga rugagen Fulani a tsakani. Kusan kowa yana jin Hausa, wannan zai sauƙaƙa muku magana. Amma ƙasa ce da ta sha jini tun rikicin Satumban 2001. A 2023 an yi watanni ana tashin hankali a ƙasar Mangu, a jajibirin Kirsimetin shekarar kuma aka kai hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe mutane masu yawa. An kuma tare matafiya a hanya an kashe su ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kamar yadda aka yi a hanyar Rukuba a Agustan 2021. Manoma sun binne nasu, makiyaya sun binne nasu, baƙi masu wucewa ma haka. Ina da abokai a kowane ɓangare, na je ta'aziyya a kowane ɓangare, kuma zuciyata ba ta daina ciwo a kan wannan ba.

To ka sa kanka a matsayin mutumin ƙauyen da aka taɓa kai wa hari. Da la'asar ya hango maza 3 da bai sani ba, da manyan jakunkuna, suna saukowa daga bayan dutse suna duba waya suna nuna gidaje. Me zai ɗauka? Ba mugunta ce za ta sa ya kira matasa ba, tsoro ne, kuma yana da dalilinsa. Mai ruga ma haka zai ji in ya gan ku kuna doso shanunsa. Shi ya sa ba na yarda da kafa tanti a daji: wuta da tanti a bayan gari da dare, a idon mai tsaron ƙauye, sansanin maharan da yake jiran zuwansu ne. A kwana a cikin mutane, gidan mai unguwa, ko ajin makarantar firamare, ko harabar masallaci, ko masaukin baƙi na coci, duk inda shugaban wurin ya nuna.

Da ɗan gari akan ci gari. Yadda nake yi shi ne, kowane yanki da jagoransa, ɗan asalin wurin, wanda mai unguwa ko dagaci ya san shi ya kuma amince. Jagora nagari da kansa zai gaya maka inda iyakarsa ta tsaya, ya miƙa ka hannu da hannu ga na gaba, ko ya ce wannan tsakanin a shiga mota. Ka saurare shi ko da taswira ta nuna kilomita 3 ne kacal. A yi cinikin ladansa tun kafin a tashi, a ci abinci tare da shi, a biya masa kuɗin komawa. Da an shiga ƙauye a nufi gidan shugaba kai tsaye, a gaisa, a faɗi daga ina zuwa ina, a ajiye ɗan abin gaisuwa, ko sabulu ko sukari ko ganyen shayi. Inda akwai ofishin 'yan sanda ko shingen jami'an tsaro a sanar da su, kowa da katin shaidarsa a aljihu. Ban da riga ko wando ko jaka mai zanen kakin soja, ban da adda da doguwar wuƙa, ban da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Ba a ɗaukar hoton mata, ko shanu, ko shingen tsaro, ko wurin ibada sai an tambaya. Ba a ratsa garke ta tsakiya, ba a taka kunyar lambu, don a Disamba ne masu noman rani suke zuba kuɗinsu a tumatir da kabeji da karas a bakin ruwa.

Akwai kuma wuraren da idon baƙo ba ya ganewa. A shekarun farkon fitata na shiga wani ɗan kurmi a gindin dutse da ɗalibai 12 don mu sha inuwa. Ashe wurin al'adar garin ne, ko 'yan garin ba kowa ne yake shiga ba. Kafin mu gama zama matasa sun kewaye mu. Awa 3 muka yi a ƙofar gidan mai unguwa, na ba da haƙuri, na biya abin da dattawa suka yanke, kuma gaskiyarsu ce, laifina ne da ban tambaya ba. Dattijon da ya sasanta mu daga baya shi ya riƙa ba ni ɗansa yana yi mana jagora shekara da shekaru. Tun daga ranar, duk inda na ga bishiyoyi sun yi duhu a tsakiyar fili da aka sare ko'ina, sai na tambaya kafin in matsa.

Abin da na sani game da zaman lafiyar kowane yanki mako guda ya isa ya tsufa. Ba zan iya ce maka daga nan hanya kaza lafiya take a Disamba ba, kuma duk wanda ya ba ka wannan tabbaci wata 2 kafin lokaci, kada ka dogara da shi. Mai unguwar wurin da jagoranka, a makon tafiyar, su ne masu wannan amsa. Ƙarshen Disamba lokaci ne da jami'an tsaro da mutanen ƙauyuka suke cikin shiri da ɗar-ɗar, in hutunku zai ba da dama ku zo a farkon watan. A bar wa wani a Jos tsarin tafiyar a rubuce, da sunan kowane zango da lambar kowane jagora, a kira shi kowace yamma. Sabis yakan ɗauke a kwari ya dawo a kan tudu, saboda haka a yi kiran kafin a gangara.

Abin da zan yi in ni ne ku

Ba zan taka Jos zuwa Pankshin a wannan zuwan ba. Ko da komai lafiya, babban kaso na hanyar gefen kwalta ne da ƙasar kuza, ga manyan motoci ga ƙura, ba shi ne daɗin da kuke nema ba. Zan mai da kwanakin 5. Ranar farko a iso a huta, da yamma a yi 'yar tafiyar awa 2 wajen madatsar ruwa ta Lamingo, ko a nemi izini a shiga dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take. Rana ta biyu a hau Shere. A gindinta akwai makarantar horo ta gwamnatin tarayya da aka fi sani da Man O' War, malamanta sun san duwatsun ciki da bai, daga nan ya kamata ku fara neman jagora. Daga Lamingo ƙololuwar kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma hangen Dala ba shiga birni ba: hawan ya kai mita 500, wasu wuraren sai da hannu da gwiwa, ku ba shi yini guda ku tashi da fitowar rana. Rana ta uku da ta huɗu a yi tafiyar kwana ɗaya a ƙauyukan gabashin Jos, kilomita 15 zuwa, a kwana, 15 dawowa ta wata turbar, da jagora ɗan Afizere, in mutanen wurin sun ce lafiya. A nan ne za ku san nauyin jakarku na gaskiya, da wanda yake saurin fushi in ya gaji a cikinku, da yadda ƙafa take tashi a safiya ta biyu. Rana ta biyar, in labarin hanya ya yi kyau, a shiga mota zuwa Pankshin ko Kerang a taka na yini, a gaisa da shugabannin wurin, a karɓi lambobin waya.

Da waɗannan lambobin za ku gina doguwar tafiyar a Nuwamban shekara mai zuwa, kwana 6 ko 7, zango-zango, kuna tsallake kwalta da duk inda aka ce a tsallake da mota. Don zuwan Disamban nan kuwa, horon mako 8 ɗin ku fara shi a farkon Oktoba, neman jagoran Shere kuma a makon da kuka fara horon, domin a Disamba masu zuwa hawa suna da yawa, nagartattun jagorori kuma ba su da yawa.